Idan Injiniya Ya Tafi Biki, Kamfani Ya Tsaya

"Assalamu alaikum Malam. Ni ce akanta a wani kamfanin sarin kayan masarufi a Kano, mu kusan 30 ne tsakanin ofis da sito. Duk abin da ya shafi kwamfuta mutum ɗaya ne ke kula da shi, ɗan yayar Alhaji mai kamfanin, kowa Injiniya yake ce masa. Shi ya haɗa mana komai shekara shida da suka wuce, shi kaɗai ya san kalmomin sirri. A watan jiya ya tafi ɗaurin auren abokinsa a Gombe, sai aka kawo wuta da ƙarfi, kwamfutar da ke riƙe da lissafinmu ta mutu. Wayarsa ba ta shiga. Kwana uku muna rubuta rasit da hannu. Da ya dawo aka gano kwafin ajiya na ƙarshe ya kai wata huɗu. Yanzu ni ce ke kai wa dare ina sake shigar da lissafin daga takardu. Ko yana nan ma, sai an kira shi sau biyar kafin ya zo, in ya zo kuma ya riƙa yi maka kallon jahili. Ina so in ce wa Alhaji ya sallame shi a ɗauko wani, amma ina tsoron shiga tsakanin dangi. Yaya zan yi?"

Wa alaikumus salam Malama. Sannu da fama. Wanda bai taɓa zama gaban tulin rasit yana shigar da su ɗaya bayan ɗaya ba, ba zai san irin ciwon wuya da na ido da kike ciki ba.

Kafin mu kai ga Alhaji da ɗan yayarsa, akwai tambayar da nake so ki yi gobe da safe. Ina kwamfutar da ta mutu take, kuma an ciro faifan ajiyar da ke cikinta an gwada shi a wata? Sau da yawa idan wuta ta zo da ƙarfi, abin da take ƙonawa shi ne akwatin da ke raba wa kwamfutar wuta, ko babban allon da ke ciki, faifan kuwa ya tsira da abin da ke kansa. Idan ba a gwada ba, ki hana kowa taɓa ta. Kada a ɗora mata sabuwar Windows, kada kuma a miƙa ta ga mai gyaran da zai ce "bari mu wanke ta". A kai faifan wurin wanda ceto bayanai ne sana'arsa. Ban yi miki alkawari ba, amma mai yiwuwa wata huɗun da kike kwana a kansu suna nan kwance a cikin ƙarfen da aka jingine a bayan ƙofa.

To, maganar sallama. Kada ki je wa Alhaji da ita. Zumuncin da kike tsoro dalili ne, amma akwai wanda ya fi shi. A yau duk makullan kamfaninku a kan mutumin nan suke. In aka sallame shi cikin fushi ranar Litinin, ranar Talata ba ku da imel, ba ku da hanyar shiga manhajar lissafi a matsayin masu ita, ba ku san ma wa ake biya kuɗin intanet ba. In kuma an yi sa'a ya tafi lafiya aka ɗauko wani, aka ba shi irin wannan kujerar da irin wannan tsarin, nan da shekara shida wata akantar za ta rubuto mini wannan wasiƙar, sunan garin bikin kawai zai canza.

Ki ɗan yi wani abu na mako guda. Ki sa ido ki ga inda ranar Injiniya take tafiya. Ban san shi ba, amma na san kujerarsa. Da safe wayar Alhaji ta cika ba ta karɓar hoto. Kafin azahar an kira shi gida, talabijin ɗin Hajiya ba ya kama tasha. Kyamarar sito ta ɗauke, na'urar POS ta ƙi fitar da takarda, firinta ta cinye rasit, ɗan Alhaji na jami'a yana so a sa masa wata manhaja, wani kuma ya manta kalmar sirrinsa karo na huɗu a wata. In janareta ya ƙi tashi ma shi ake kallo, tunda ai Injiniya ne. Duk wanda ya fi ɗaga murya ko ya fi muƙami shi ake fara yi wa. Aikin da babu mai ihu a kansa, irin su kwafin ajiya da duba batura da sabunta manhaja, shi ke komawa gobe, goben nan kuma ta zama wata huɗu. Ban wanke shi ba. Barin lissafin kamfani wata huɗu babu kwafi sakaci ne, kuma tafiya Gombe ba tare da barin ko takarda ɗaya ba sakaci ne na biyu. Sai dai a cikin shekara shidan nan, wa ya taɓa tambayarsa yaushe ya yi kwafi na ƙarshe? Har ke, mai lissafin?

Na taɓa aiki a wani ofis inda mai kula da kwamfutocinmu ya rubuta takarda har sau uku yana neman a canza baturan UPS, na'urar da ke riƙe wa kwamfuta wuta na ɗan lokaci idan an ɗauke. Duk lokacin sai a ce masa a bari sai wata ya ƙare. Ranar da abin ya faru, shi aka tsare a ofishin manaja ana yi wa faɗa. Ya ciro kwafin takardun uku daga aljihu ya ajiye a tebur, ɗakin ya yi tsit. Ki bincika, ƙila naku ma ya taɓa roƙo da baki aka ce masa "sai an ga yadda kasuwa ta yi", ya gaji ya daina.

Abu na farko da za ku gyara shi ne makullai. Babu ɗan kasuwar da ke Singa ko Kantin Kwari da zai yarda makullin sitonsa ya zama guda ɗaya tak a aljihun yaronsa, komai amanar yaron. Amma wannan Alhajin da kansa zai bar imel ɗin kamfani da manhajar lissafi da kyamarorin tsaro da na'urar raba intanet da shafin Facebook da WhatsApp na kasuwanci duka a kan mutum ɗaya, don bai ɗauke su makulli ba. A zauna a rubuta kowanne: sunan abin, da sunan wa aka yi rajista, wace kalmar sirri, yaushe kuɗinsa ke ƙarewa, wa ake kira in ya lalace. A sa a ambulan a liƙe, a ajiye a inda Alhaji ke ajiye takardun fili. In kuna so ku yi na zamani, akwai manhajojin adana kalmomin sirri irin su Bitwarden da KeePass, amma ko da su ɗin, babbar kalmar da ke buɗe su tana buƙatar ambulan.

Akwai wurare biyu da ake yawan mantawa. Na ɗaya, lambar waya. Yawancin asusun nan idan za a shiga suna turo lambar tabbatarwa ta saƙon tes. In layin Injiniya ne, wanda ke haɗe da lambar NIN tasa, to kalmar sirrin da ke ambulan ba za ta buɗe muku komai ba ranar da wayarsa ba ta shiga, kamar yadda kuka gani. A samo layin kamfani da ke zama a ofis, a mayar da komai kansa. Na biyu, in kuna da shafin intanet ko imel mai sunan kamfani, sunan nan haya ne, ana sabunta shi duk shekara. Masu ƙarewa da .ng suna ƙarƙashin NiRA ne, ƙungiyar da ke kula da sunayen intanet na Najeriya, ta hannun dillalan da ta amince da su. In da Gmail ɗinsa na kansa ya yi rajistar, saƙon tunatarwa shi kaɗai zai gani, kuma a takarda shi ne mai sunan kamfaninku.

Sai kwafin ajiya, kuma a nan zan daɗe, don nan ne aka cuce ki. Masu wannan sana'a suna da wata ƙa'ida da suke kira 3-2-1: bayanai su zama kwafi uku, a kan irin ma'aji biyu daban, ɗaya kuma a wajen ginin. Dalilin na wajen ba ya buƙatar dogon bayani ga mutumin Kano da ya tuna gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016. Faifan da ke kan tebur ɗaya da kwamfuta, wutar da ta ci kwamfutar za ta ci shi, ɓarawon da ya ɗauke ta zai haɗa da shi. Akwai kuma masu kutsen da ke garkuwa da bayanai: su kulle duk fayilolinku su ce sai an biya fansa. Manhajarsu tana bin duk faifan da ta samu a jone, saboda haka wanda aka bari a maƙale dare da rana ba kariya ba ne. A yi kwafin, a cire, a ajiye. Ga masu cewa "ai komai namu yana Google Drive", ku sani in an saita shi yana bin abin da ke kwamfuta ne, to in fayil ya lalace a nan, lalataccen zai hau can. Yana da amfani, amma kada ya zama shi kaɗai.

Ga abin da ya rage naki, ba nasa ba. Kwafin da ba a taɓa gwada dawo da shi ba, zato ne kawai. Na sha ganin faifan da aka yi shekara ana cewa "akwai bakof", ranar buƙata aka buɗe aka tarar babu komai sai fayil ɗin da ya tsaya a rabi. Ki ware rana ɗaya a wata, ko Asabar ɗin farko, Injiniya ya dawo da kwafin a kan wata kwamfuta ke kina tsaye, ki nemi rasit ɗin wani kwastoma na makon jiya ki gan shi da idonki. Minti 20 ya isa. Kuma tun yau, aikin da kike sake shigarwa kada ki tashi daga ofis sai kin kwafe shi wuri biyu. Tambayar da za ki riƙa yi masa ba sai ta zama ta masana ba: "In ta mutu yanzu, lissafin kwana nawa za mu rasa, kuma awa nawa kafin mu koma aiki?" In amsar farko ta wuce kwana ɗaya ga kamfanin da ke sayarwa kullum, ba a gama gyara ba.

Maganar wuta gajeriya ce. Kwamfutar lissafi ba ta shan wuta kai tsaye daga bango. Tana buƙatar abin da ke tare wuta mai ƙarfi, da sitabilaiza, da UPS. UPS ɗin kuma ba janareta ba ne, 'yan mintuna yake ba ka ka adana aikinka ka kashe cikin natsuwa. Baturansa suna gajiya cikin shekara biyu zuwa uku, zafin Maris da Afrilu na Kano kuma yana ƙara rage musu kwana. A kira mai aikin wuta ya duba ko ginin yana da wayar ƙasa mai kyau. Bayan kowane hunturu a buɗe kwamfutocin a hure ƙura, don ita ke toshe fanka har na'ura ta riƙa kashe kanta.

Tunda kin ce shekara shida da haɗawa, ki tambaye shi wace Windows ce a kansu, kuma ta gaske ce ko ta bayan fage. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 7 tun 14 ga Janairun 2020, Windows 10 kuma wa'adinta ya cika 14 ga Oktoban 2025. Kwamfutar za ta ci gaba da tashi kamar kullum, shi ya sa mutane ba sa damuwa, amma duk ɓarakar da aka gano daga baya a buɗe take zama. A watan Mayun 2017 wata manhajar garkuwa da bayanai mai suna WannaCry ta shiga asibitocin gwamnati a Ingila, aka soke ganin likita da tiyata kimanin 19,000. Abin takaicin, Microsoft ta fitar da maganin ɓarakar tun watan Maris, ba a sa shi ba ne. In wani ya ce miki ai sabuntawar ma tana ɓata kwamfuta, bai yi ƙarya ba: ranar 19 ga Yulin 2024 wata sabuntawa ta kamfanin CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5 a duniya, har jirage suka kasa tashi. Abin da ake yi shi ne a fara gwadawa a kan guda ɗaya da ba ta da muhimmanci, in ta kwana biyu lafiya a bi sauran. Ki kuma tuna wa Alhaji cewa tun 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a, da hukumar NDPC mai sa ido. Sunaye da lambobin wayar kwastomominku da lambobin asusun ma'aikata duk amana ce a idon doka, kuma in aka sace su ta yadda za su cutar da masu su, ana so a sanar da hukumar cikin awa 72.

Littafin rasit ɗin da kuka koma wa kwana uku, kada a jefar da shi. Ranar 14 ga Maris ɗin 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankuna suka shiga wahala, kuma babu Injiniyan da zai gyara wannan daga Kano. A rubuta a shafi ɗaya yadda za a yi ciniki in babu kwamfuta ko babu sabis: wa ke rubutawa, wa ke sa hannu, wa zai shigar daga baya.

Yanzu batun kira sau biyar. Maganinsa mai arha ne har mutane suna raina shi. A buɗe littafi ɗaya, ko zauren WhatsApp ɗaya na wannan aikin kaɗai, duk mai matsala ya rubuta a nan: sunansa, lokaci, abin da ya faru. Babu tare shi a hanyar masallaci, babu kiran waya sai in ciniki ya tsaya. A kuma yarda da jeri, Alhaji da bakinsa ya faɗa: abin da ya hana sayarwa shi ne farko, sai abin da ya hana mutum ɗaya aiki, sai sauran. Talabijin ɗin gida yana cikin sauran. Bayan wata ɗaya littafin nan zai faɗa muku gaskiyar da yanzu kowa ke hasashe. In rabin koken firinta ɗaya ce, ku sayi firinta ku huta. In rabinsu mantuwar kalmar sirri ce, ma'aikata ke buƙatar zaman awa ɗaya na koyo. In kuma koke uku ne a rana kuma suna kwana biyu ba a taɓa su ba, to rubutu ya nuna, ba ke kika faɗa ba.

Ku ma ma'aikata da naku. "Ba ta yi" ba bayani ba ne. A ɗauki hoton abin da fuskar kwamfutar ta rubuta kafin a danna komai. A daina jona filashin da ya zaga shagunan buga takardu, a daina sauke fina-finai da kwamfutar ofis. Kallon jahilin da yake yi muku ba daidai ba ne, kuma ya kamata a faɗa masa cewa mai sana'ar da ba ya iya bayani cikin mutunci bai gama koyon sana'arsa ba. Amma wanda aka kira daga bene na biyu don a nuna masa wayar da ba a jona ba, karo na goma, fuskarsa sai ta canza.

Mutum ɗaya kuma ba ya isa, ko waye shi. Ba sai kun ɗauki injiniya na biyu ba, kamfani mai mutum 30 da wuya ya iya. A zaɓi matashi ɗaya mai kan gado cikin ma'aikata, Injiniya ya koya masa ƙananan abubuwa: tayar da na'urar intanet, canza tawadar firinta, yin kwafin yamma. Sannan a yi yarjejeniya a rubuce da wani ƙwararre na waje, ya riƙa zuwa duk wata uku yana duba aikin, ya kuma tsaya in Injiniya ya yi tafiya, a rubuta cikin awa nawa zai amsa kira. Kada dai a kwashe makullan daga aljihun wancan a zuba a na wannan. Na Alhaji suna ambulan.

Yadda za ki shigar da maganar shi ya fi komai. Ki fara da Injiniya, ku biyu, kafin Alhaji ya ji. In ya ji daga sama cewa akanta ta kai ƙararsa wurin kawunsa, kin yi abokin gaba, kuma a gidan za a ƙarasa maganar inda ba kya nan. Ki ce masa wani abu kamar haka: "Injiniya, abin da ya faru ya wahalar da ni, na san kai ma bai yi maka daɗi ba. Bai kamata a ce ba ka da ikon zuwa biki sai kamfani ya tsaya ba. Rubuto mini abin da kake buƙata da kuɗinsa, ni zan kai wa Alhaji da lissafi." Yawancinsu wannan ne karon farko da wani ya tambaye su abin da suke buƙata.

Wurin Alhaji kuwa ki je da yaren da ya fi ji. Ki fitar da cinikin rana ɗaya na yau da kullum, ki kwatanta da na kwana ukun nan, ki ƙara bashin da ba a iya bi ba saboda babu lissafi, da awannin da kika yi bayan tashi. Ki ajiye wannan adadin kusa da kuɗin UPS da faifai biyu da ladan ƙwararren waje na shekara. Kada sunan ɗan yayarsa ya fito a matsayin mai laifi. Ki ce, "Alhaji, Allah ya kiyaye, da rashin lafiya ce ta kwantar da shi wata guda, ko ya samu aiki a Legas ko a waje kamar yadda yaran nan ke samu, ina za mu sa kanmu?" Ɗan kasuwa ya san wannan tambayar, don ya taɓa yi wa kansa ita a kan direba da mai sito. A wannan zaman kuma ki nemi a ba ki mai taya ki shigar da lissafin, ko a biya ki ladan ƙarin lokacin. Haƙƙinki ne, kada kunya ta hana ki.

Saura in ya ƙi. Akwai wanda ke riƙe kalmomin sirri da gangan, don ya san su ne ke hana a taɓa shi. Za ki gane shi da "gobe" da ba ta ƙarewa, ko da cewa ai ba za ku gane ba ko an rubuta. Ku ba shi wata uku da abubuwa uku a rubuce: ambulan ya cika, gwajin kwafi ya yi sau uku a jere, littafin koke yana tafiya. In wa'adin ya cika bai yi ba, sai ki ajiye wa Alhaji takardar ki koma kujerarki, hukuncin ɗan yayarsa nasa ne. In har ya yanke shawarar rabuwa, abin da za ki roƙa kawai shi ne a bi jeri: ƙwararren waje ya fara kwafe komai ya tabbatar kowane makulli yana buɗewa, a biya Injiniya haƙƙinsa cikakke a rabu da mutunci, a canza duk kalmomin sirri a ranar, kafin la'asar.